Takardar Firamaren Ɗan'azumi

Litinin, 20 ga Yuni, ƙarfe 7:40 na safe

Ana sanar da al'ummar Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da sauran ƙasashen duniya cewa daga yau ni, Malam Nasiru, malamin tarihi kuma sakataren Ƙungiyar Ci Gaban Unguwa, na yanke hulɗar jakadanci da mai shayin bakin layinmu. Mutumin da ya shekara goma bai iya bambance shayi da ruwan wanka ba, yau shi ne ya tsaya yana yi mini bayanin wanda ya cancanci zama mataimakin shugaban ƙasa, har ƙwaina ya ƙone a kasko.

Ƙasar gaba ɗaya ta koma teburin mai shayi. Kowace tasha ka murɗo, maganar ɗaya ce: wa za a ɗauka mataimaki, daga wane yanki, wane addini, ina takardun makarantarsa. Wannan ya ce nasa sun ɓace, wancan ya ce ya manta shekarar. Na faɗa wa mutanen teburin cewa wanda ba zai iya nuna inda ya yi makaranta ba, ko makullin banɗakin masallaci bai kamata a ba shi ba. An yi dariya sosai. Na ji daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Laraba, 22 ga Yuni, bayan La'asar

Cutar ta iso gida. Ƙungiyarmu ma za ta yi zaɓe ƙarshen watan gobe. Alhaji Abdulmalik mai tayil ba shi da abokin hamayya a kujerar shugaba, amma tunda wata tara na shekara yana tsakanin Legas da ƙasar Sin, kowa ya san mataimaki ne zai riƙe unguwa: 'yan sintiri, kwatoci, da zaryar taransifoma. Shugaba daga Gyaɗi-Gyaɗi yake, don haka dole mataimaki ya fito daga ɓangaren Tarauni. Unguwa biyu da kwalbati ɗaya ya raba, amma muna da tsarin karɓa-karɓa kamar tarayya.

Sunaye biyu ake ambata. Akwai Faruk, ɗan shekara talatin da huɗu, digiri uku, bai taɓa ƙarasa jimla cikin harshe ɗaya ba. Jiya ya tare ni ya ce, “Malam, we need capacity, ba wai sentiment ba.” Na ce masa Allah ya sawwaƙe. Sai kuma Ɗan'azumi, shugaban 'yan adaidaita sahu na Babban Giji, wanda na sani tun a ƙauyen da na fara koyarwa.

Mu uku ne kwamitin tantancewa: ni, da Hajiya Lami da ta yi ritaya tana babbar nas, da Malam Shehu na'ibin liman, mai baiwar yin barci ido buɗe. Sashe na bakwai na tsarin mulkinmu ya ce mai neman muƙami ya kawo aƙalla shaidar gama firamare, a kafe ta a allon ofis mako guda kowa ya gani. Ni na rubuta sashen, shekara biyar da suka wuce, bayan na gama karanta tsarin mulkin ƙasashe huɗu. An tafa mini a ranar.

Asabar, 25 ga Yuni, ƙarfe 5 na yamma

Alhaji ya ɗauki Ɗan'azumi. Hujjarsa: 'yan sahu sun fi yawan ƙuri'a, kuma su ne suke fitowa da shebur idan kwalbati ya toshe. Zauren ƙungiya na waya ya kama da wuta. Saƙo ɗari biyu da sha, babu ɗaya da ya ambaci kwalbatin.

Litinin, 27 ga Yuni, bayan Magariba

Ɗan'azumi ya kawo fayil ɗinsa har gida, da babbar riga, yana ƙamshin turare. Ya durƙusa ya gaida matata Saude kamar kullum, ta ce masa Baban Mufida an zama manya. Da zai miƙo mini fayil ɗin sai ya yi murmushi ya ce, “Malam, ka san ta ai.”

Na buɗe bayan tafiyarsa. Takarda ɗaya ce, an manne ta cikin leda, ko kusurwa ba ta lanƙwashe ba.

Na san rubutun.

Talata, 28 ga Yuni, ƙarfe 6:30 na safe

Fayil ɗin yana cikin durowa.

Alhamis, 30 ga Yuni, ƙarfe 4:15 na yamma

A ƙaddara wani matashin malami ne, ɗan shekara ashirin da huɗu, a wata firamare ta ƙauye, cikin shekarar 1994. A ƙaddara hedimasta ya tafi jinyar mahaifiyarsa ya bar masa makullin ofis, da hatimi, da fom ɗin shaidar kammalawa da ba a cike ba. A ƙaddara wani saurayi ya zo, wanda ya bar makaranta a aji huɗu don mahaifinsa ya rasu ya bar gona da ƙanne, ya ce ya samu aikin direba a wani kamfani a birni amma sai da takardar firamare. A ƙaddara malamin, don lamirinsa ya samu abin jingina, ya zaunar da saurayin a gindin darbejiya, ya sa shi karatu da lissafin sau, ya ce masa ya ci, sannan ya shiga ofis ya cike fom da shekarar 1987, ya sa hannun hedimasta, ya buga hatimi.

Duk ƙaddarawa ce. Abin da ba ƙaddarawa ba shi ne, babu gidan da bai san rubutuna ba a unguwar nan. Ni nake rubuta littafin taro. Ni nake rubuta sanarwar ɗaurin aure da ake kafewa a masallaci, don an ce nawa kamar na inji. Na sha alfahari da jelar da nake yi wa harafin R.

“Ka san ta ai.” Kwana uku ke nan ina juya maganar. Mutum ba zai kawo irin wannan takarda gaban kwamitin da wanda ya rubuta ta yake ciki ba, sai ya san abin da yake yi. Ya ɗaure ni ke nan. In na wuce da ita na ci amanar kwamiti, in na ƙi ya faɗi sunana. Ban taɓa zaton siyasa za ta koya wa Ɗan'azumi wannan cikin mako guda ba. Tir.

Ban faɗa wa Saude ba.

Asabar, 2 ga Yuli, hantsi

Hajiya Lami ta zo ta tambayi dalilin da ba a kafe takardu a allo ba. Na ce damina ce, za su jiƙe. Ta ce allon a cikin ofis yake. Ta karɓi fayil ɗin ta tafi.

Lahadi, 3 ga Yuli, bayan Isha'i

Sa'a shida takardar ta yi a allo. Faruk ya ɗauke ta a waya, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya gano ɗan ƙaramin rubutun maɗaba'a a can ƙasa: an buga fom ɗin a 1993. Takardar da aka cike a 1987 an haifi fom ɗinta bayan shekara shida. Ya rubuto koke shafi huɗu, da kanun magana, da “a bisa haka” sau tara. Dole in yarda yaron ya iya aiki. Da a ajina yake da na ba shi maki mai kyau, sannan na nemi dalilin da zan sa shi sharar fili.

A rediyo wani lauya da wani tsohon ɗan majalisa sun kwashe sa'a guda suna zagin juna a kan takardun wani. Na kashe.

Laraba, 6 ga Yuli, ƙarfe 6 na yamma

Na je tashar 'yan sahu ta kusa da kasuwar Tarauni. Na samu Ɗan'azumi yana raba rigimar mutum biyu a kan layin ɗaukar fasinja. Cikin minti uku ya gama, kowa ya tafi yana ganin shi ya yi nasara. Ya ture wani daga benci ya ce a ba Malam wuri, ya aika a kawo zoɓo.

Na bi ta nesa. Na yi masa zancen hawan jini, da nauyin iyali, da karatun 'yarsa Mufida da take koyon aikin jinya, da yadda muƙami yake cin lokacin mai sana'a. Na ce da ni ne, da na janye cikin mutunci kafin ranar zaman tantancewa, a ce rashin lafiya. Ya saurara har ƙarshe, ya ce lafiyarsa ƙalau, ko paracetamol ba ya sha. Na ce yaran nan sun tono magana a kan takardar. Ya yi dariya ya ce:

“Su tona. Ni me zan ji tsoro, Malam, tunda kana cikin kwamitin? Ai kai ne shaidata.”

A gaban mutane ya faɗa, yana murmushi, ya kuma hana ni biyan kuɗin sahun da ya dawo da ni. Na karanta tarihin sarakunan da ake yi wa barazana da takobi da guba. Ban taɓa karanta wanda aka yi wa da zoɓo ba.

Lahadi, 10 ga Yuli, washegarin Babbar Sallah, bayan Azahar

An kawo nama daga ɓangarorin biyu. Faruk, wanda bai san ƙofar gidana ba sai bana, ya aiko da kula guda da hotonsa manne a murfi. Ɗan'azumi ya kawo cinyar rago da kansa. Na ce wa Saude duk a mayar, toshiyar baki ce. Ta ce kular dai ta yarda, amma cinyar shekara ashirin ke nan Baban Mufida yana kawo ta, ba ta taɓa ji na kira ta da wannan suna ba, sai dai in tambayi ko akwai yaji. Ta tsaya tana kallona, sannan ta ce me ke damuna kwanan nan da nake zama gaban durowa kamar mai gadin maƙabarta. Na ce takardun jarrabawar yara ne.

Ban ci cinyar ba. Da yamma na ci kaɗan.

Laraba, 13 ga Yuli, ƙarfe 5:30 na yamma

Zaman share fage na kwamiti a ofis. Malam Shehu ya yi addu'ar buɗewa ya tafi inda ya saba zuwa, ido buɗe. Hajiya Lami ta ajiye takardar a tebur, ta jawo littafin taro ta buɗe shi a gefenta, ta gyara tabarau. Ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ta daɗe. Matar da ta shekara talatin da biyar tana karanta rubutun likitoci, me zai gagare ta?

Sai ta ce, “Sakatare, in akwai abin da kwamiti ya kamata ya sani, gara ya ji kafin Asabar.” Na ce babu. Ta rufe littafin a hankali, yadda suke rufe ƙofar ɗakin da mara lafiya ya ƙi shan magani.

Juma'a, 15 ga Yuli, bayan sallar Juma'a

Liman ya yi huɗuba a kan shaidar zur. Ba da ni yake ba, da 'yan siyasa yake. Kowa ya ji daɗi.

Asabar, 16 ga Yuli, bayan Magariba

An yi zaman a garejin Alhaji, mutum ya fi sittin. Faruk ya karanta kokensa, ya nuna hoton a babbar waya, ya yi magana a kan nagarta da makomar matasa. Wani ya ce ai mai digiri uku bai taɓa riƙe shebur ba. Wani ya ce shebur ba cancanta ba ce. Wani ya kawo zancen 'yan asalin unguwa da 'yan zuwa, daga nan aka shiga kakannin juna. Rabin sa'a aka yi kafin Hajiya Lami ta buga tebur ta ce mai takarda ya yi bayani.

Ɗan'azumi ya miƙe, ya gyara hula. Na shirya wa barazana, na shirya wa tonon asiri. Abin da ban shirya masa ba shi ne alfahari. Fuskarsa na haske ya ba su labarin duka: rasuwar mahaifinsa, aikin direba, darbejiya, littafin da aka miƙa masa. Ya ce shi ba sayen takardarsa ya yi ba kamar yadda wasu suke yi, jarrabawa aka yi masa shi kaɗai, ido da ido, ya ci, malaminsa ya rubuta masa shaida da hannunsa. Ya ce a makarantar allo ma haka ake yi, malamin da ya saurare ka shi yake cewa ka sauke. Sai ya nuno ni da hannu biyu, kamar mai gabatar da babban baƙo, ya ce ga malamin nan Allah ya bar mana shi da rai, a tambaye shi.

A nan na gane. Mutumin nan bai san takardar jabu ce ba. Shekara ashirin da takwas yana ajiye da ita a leda yana ganin ta fi ta kowa tsarki.

Hajiya Lami ta juyo ta ce, “Sakatare?”

Na ce shekara ashirin da takwas ba kwana biyu ba ne. Na ce ɗalibai dubbai sun bi ta hannuna. Na ce rubutu yana kama da rubutu. Na ce ba zan iya tunawa ba.

Ɗan'azumi ya ce, a hankali, kamar mai taimaka wa tsoho ya haye titi, “Malam, darbejiyar nan ta bakin aji biyar.”

Na ce ban tuna ba.

Wani daga cikin yaran Faruk ya ce wa Ɗan'azumi, “Farfesa, zauna haka nan,” aka fashe da dariya. An soke takararsa da ƙuri'a biyu, tawa da ta Malam Shehu da aka taɓa ya farka. Hajiya Lami ta ƙi ɗaga hannu. Ɗan'azumi ya zo tebur ya ɗauki takardarsa, ya goge ledar da hannun riga, ya sa a aljihun gaba. Bai dube ni ba. Kafin a watse Alhaji ya riga ya rungume Faruk ana ɗaukar hoto.

Lahadi, 17 ga Yuli, da safe

An yi ruwa.

Litinin, 18 ga Yuli, ƙarfe 3 na rana

Na koyar da aji biyar tarihin wani waziri da ya sayar da ubangidansa. Yara sun ce darasin ya yi daɗi.

Saude ta ji labari a gidan suna. Ta ajiye mini abinci, ta ce ita ta san jelar R ɗin nan tun a wasiƙun da nake aiko mata kafin aure, ta shiga ɗaki. Tun daga nan “ga ruwa” da “ga abinci” kawai muke yi.

Laraba, 20 ga Yuli, bayan La'asar

Wani ya rubuta FARFESA da fenti a bayan sahun Ɗan'azumi. Na gani a mahaɗar titin gidan zu, yana ɗauke da mata biyu da buhun gawayi. Bai goge ba. An ce a tasha ma wasu sun fara cewa mai ƙaryar takarda ba zai riƙe musu shugabanci ba. An ce Mufida kwana biyu ba ta je asibiti ba.

A rediyo an ce wani ɗan takara ya ce bai tuna ba. Masu kiran waya suna ta tsine masa. Na saurara har ƙarshe.

Juma'a, 22 ga Yuli, ƙarfe 5 na yamma

Ya zo. Bai shigo ba, a zaure ya tsaya, da kayan aiki, ba turare. Ya gaishe ni yadda ya saba, har da tambayar jikin Saude. Na fara wani dogon bayani a kan matsin lamba da matsayin sakatare. Ya ɗaga hannu ya ce ba wannan ya kawo shi ba, kujera ta tafi, Allah ya sa haka ya fi alheri. Ya ce Mufida ta zaunar da shi ta bayyana masa yadda ake ba da takardar makaranta, yanzu ya fahimci tasa ba ta kan hanya. Abu ɗaya yake so ya sani, don kwana shida ke nan yana hana shi sukuni.

“Malam, ranar nan, na ci ɗin da gaske, ko tausayina ka ji?”

Na ce ka ci. Na ce ka karanta shafi guda da rabi, sau biyu kawai ka yi tuntuɓe, ka kuma gyara da kanka. Na ce lissafi tun daga biyu har sha biyu, bakwai sau takwas kaɗai ka faɗi, ka ce hamsin da huɗu.

Ya gyaɗa kai ya ce, “Ashe ka tuna.”

Ya yi sallama ya tafi. Na ji tashin sahunsa har ya sha kwana.

Asabar, 23 ga Yuli

Ban fita ba.

Lahadi, 24 ga Yuli, bayan Magariba

Babban taro. Bayan na karanta bayanin zaman da ya gabata, ban zauna ba. Na ce rubutun da ke kan takardar Ɗan'azumi nawa ne, sa hannun hedimasta ni na kwaikwaya, shekarar ni na ƙirƙira, shi kuma bai san komai ba sai karatun da ya yi a gabana. Na ce ranar Asabar ƙarya na yi. Minti biyu bai cika ba. Ni da na saba jawabin rabin sa'a a kan kwata.

Abin da ya biyo baya bai ba ni mamaki ba. Faruk ya ce ya yaba da ƙarfin hali, amma doka doka ce, kuma yana da gaskiya, sashe na bakwai bai san darbejiya ba. Wani ya ce a kai ni gaba, wani ya ce a rufa asiri malamin 'ya'yanmu ne, wani ya tambaya ko ni ma a duba tawa takardar. Alhaji ya ce duk mu 'yan uwa ne, yana duba agogo, gobe zai tashi. An karɓi littafin taro daga hannuna aka ba Hajiya Lami riƙo. An tabbatar da Faruk mataimaki. Mutanen da suka yi dariyar Farfesa su ne suka fi kowa girgiza kai, suna cewa dama su sun san Ɗan'azumi ba zai yi ƙarya ba.

Shi bai zo taron ba. An ce yana tasha.

Litinin, 25 ga Yuli, ƙarfe 7 na safe

Wata guda na yi ina rubuta cewa mutumin nan barazana yake yi mini. Shaida kawai yake nema, kuma ni kaɗai gare shi. Ni ne na yi kuskure.